Yadda ake rubuta tsokaci a bangon littafin wani marubuci ba tare da ka zubar da sunanka ba

Duk wanda ya ɗan jima a harkar rubutu, ko da littafi ɗaya tak ya fitar, ko kuma dai sunansa ya ɗan zaga a guruf-guruf na marubuta, to wata rana sai saƙo ya shigo masa a WhatsApp: "Salamu alaikum Malam, don Allah na gama littafina ne, ina so ka ɗan sa min albarka ko layi uku ne, za mu sa a bangon baya." Galibinmu kuma abin da muke yi shi ne mu ji kara ta kama mu, mu buɗe fayil ɗin mu leƙa shafi biyu uku, sai mu rubuta "wannan littafi ya ƙayatar, ya ilimantar, ya nishaɗantar, Allah ya ƙara basira" mu tura, shikenan an rabu lafiya.

To ni dai gaskiya wannan abin yana damuna, don waɗannan layukan ba gaisuwa ba ce, shaida ce. Kamar dai a zo maka binciken aure ne a ce ya ka san yaron nan, duk abin da ka faɗa da shi za a yi aiki, in ka yabi wanda ba ka sani ba wata baiwar Allah ce za ta kwana a ciki. Wanda ya ɗauki littafi a shago ya juya bayansa ya ga sunanka, ko ya ga fosta a sitatus da maganarka a jiki, kuɗinsa zai cire saboda ya yarda da kai. Don haka ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin daki-daki.

Abu na farko, tun kafin ka ce to, ka tambayi mai littafin me yake so takamaimai, saboda mutane suna haɗa abubuwa daban-daban su kira su da suna ɗaya. Akwai ɗan gajeren tsokaci na bangon baya, wanda bai wuce kalma 40 zuwa 70 ba. Akwai gabatarwa ko muƙaddima da ake sawa a cikin littafi kafin babi na ɗaya, wannan tana iya cin shafi biyu ko uku. Akwai taƙarizi irin wanda malamai suka saba yi wa littattafan ilimi tun da can, babban malami ya duba aikin ɗalibinsa ko na ɗan'uwansa malami ya rubuta cewa ya gani ya gamsu, wani lokacin ma da baitoci. Sannan akwai sharhi wanda ake karantawa ranar ƙaddamarwa ko a buga a jarida, shi wannan ana faɗin kyau a faɗi aibi. Kowanne aikinsa daban, in ba ku fahimci juna ba sai ka zauna ka zuba shafi uku alhali wurin da aka ware maka bai fi tafin hannu ba, daga baya mai zanen bango ya datse maganarka yadda ya ga dama.

A wannan zancen na farko ka haɗa da sauran tambayoyin gaba ɗaya. Littafin ya kammala ne ko ana kan rubutawa? Edita ya duba shi ko tukuna? Bugawa za a yi a takarda ko a onlayin za a saki, irin su Wattpad da ArewaBooks ko guruf na kuɗi? Yaushe za a kai maɗaba'a? Su waye kuma sauran da aka nema? Wannan ta ƙarshen ba girman kai ba ne, kana da haƙƙin ka san sunan wa zai zauna kusa da naka. In aka ce maka "gobe za a kai wajen bugu" kuma littafin shafi 200 ne, to ka faɗi gaskiya cewa ba zai yiwu ba, ka nemi sati biyu ko uku. Wanda yake son maganarka da gaske zai jira.

Sai karatu, kuma nan ne aikin yake, sauran duk mai sauƙi ne. Ka karɓi cikakken littafin, ba babi uku na farko ba, ba taƙaitaccen labari da marubucin ya turo maka a saƙon murya ba. Marubuta da yawa farkon littafinsu yana da daɗi sosai don nan suka fi zubawa ƙarfi, sai an kai tsakiya labarin ya fara jan ƙafa, ƙarshe kuma a haɗa shi da gaggawa, hatsarin mota ya kashe mugu kowa ya tuba a shafi ɗaya. In ba ka kai ƙarshe ba ba ka san abin da kake sa wa hannu ba. Kuma irin tsarinmu na littafi na 1 da na 2 da na 3, in na ɗaya kawai aka ba ka to maganarka ta tsaya a kan na ɗaya, ka gaya wa mai littafin ƙarara kada a kwashe ta a manna a bayan na biyu da na uku da ba ka gani ba.

In da hali ka sa a fitar maka da shi a takarda, don karatu a waya yana sa mutum tsallake, ga saƙonni suna ta shigowa. In ba hali to ka ajiye littafin rubutu da biro a gefe. Abin da za ka dinga rubutawa ba yawa gare shi ba: wurin da ka ji ka kasa ajiyewa, da lambar shafin, wurin da wani hali ko wata magana ta tsaya maka a rai, abin da ka koya wanda da ba ka sani ba, da kuma wurin da ka ji ka gaji. In ka gama ka rufe, ka bar shi ya kwana, washegari ka tambayi kanka me ya rage min a kai daga littafin nan? Abin da ya rage ɗin nan shi ne tsokacinka, ba wani abu ba.

Kana cikin karatun kuma idonka ya kasance a kan wasu abubuwa da za su iya jawo maka magana. Na ɗaya satar fasaha, in ka ji labarin yana maka kama da wani fim ɗin Indiya ko wani littafi da ka taɓa karantawa har jerin abubuwan da suka faru iri ɗaya ne, ka tambayi marubucin kai tsaye, ko kuma ka ɗauki jimla ɗaya ko biyu ka sa a Google ka gani. Na biyu cin mutuncin wata ƙabila ko wani gari ko wani mutum da ake iya ganewa ko da an sauya masa suna. Na uku batsa, wadda ta yi yawa a wasu littattafan onlayin, kuma a Kano akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i da ke sa ido a kan abin da ake bugawa, in magana ta tashi ba mai littafin kaɗai za a kalla ba, har da wanda ya ce littafin ya dace da kowane gida. Na huɗu, wanda ya fi ba ni tsoro, ayoyi da hadisai da aka jefa cikin labari ba a tantance ba, ko littafin da yake ba da magani, a haɗa kaza da kaza a sha. In kai ba fanninka ba ne, kada ka yi shaida a kansa, ka ce masa wannan ɓangaren a kai wa malami ko likita ya duba. Marubucin labari ba ya zama masanin hadisi don kawai ya yi suna.

Wani abu kuma da bai kamata sai an faɗa ba amma dole a faɗa, fayil ɗin nan amana ne. Kada ka tura wa matarka ko abokinka ko wani guruf wai su taya ka dubawa. PDF in ya fita ya fita, kafin littafin ya iso kasuwa an gama karanta shi kyauta, wahalar shekara biyu ta tafi a banza. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikin marubuci, amma ko ba doka wannan cin amana ne.

To ka gama karatu, yanzu sai hukunci, kuma hanya uku ce. Ko littafin ya yi maka ka rubuta da zuciya ɗaya. Ko yana da kyau amma akwai gyara, sai ka ce a gyara kaza da kaza tukuna in sake gani. Ko kuma bai yi ba sam. Wannan ta ukun ita ce mutane suke gudu, don mu kara ta yi mana yawa, musamman in ɗalibinka ne ko 'yar ƙungiyarku ko wani babba da kake jin nauyinsa. Amma ana iya ƙi cikin mutunci. In ƙaramarka ce kana iya cewa: "Ƙanwata na karanta littafin nan tun daga farko har ƙarshe, kuma na ga ƙoƙarinki musamman a hirarrakin da ke tsakanin uwar da 'yar. Sai dai a yadda yake yanzu ban ga ya kai a fitar ba, daga babi na tara labarin ya rabu biyu. Ki ba shi lokaci ki sake zama a kansa, in kin gyara ki dawo min da shi." In babba ne kuwa: "Ranka ya daɗe na gode da wannan girmamawa, na karanta, amma akwai wuraren da nake so mu zauna in nuna maka kafin in sa hannu." Ka kira a waya ko ka je da kanka ya fi ka rubuta, don rubutu ba ya ɗaukar murya. Abin da bai dace ba shi ne ka yi shiru ka daina ɗaga waya, mutum yana ta jira har ranar bugu ta wuce. Wani zai ji haushi, eh, amma haushin wata ɗaya ne, littafi kuwa in an buga kwafi dubu ya shiga hannun mutane ba ka da yadda za ka janye sunanka.

Yanzu rubutun kansa. Ka fara da sanin wa kake yi wa magana. Ba marubucin kake yi wa ba, shi ka riga ka gaya masa ra'ayinka a waya. Mai saye kake yi wa, wanda yake tsaye da littafin a hannu yana shawarar ya biya ko ya mayar, kuma ba zai ba ka fiye da daƙiƙa goma ba. Saboda haka duk doguwar sallama da godiya ga Allah da ya ba ni dama da tarihin yadda kuka haɗu da marubucin a taron kaza, duk ka ajiye su, in gabatarwa ce ta ciki suna da wuri, a bango babu.

Ni tsarin da na ga yana aiki jimla uku ne zuwa huɗu. Ta farko ta faɗi abin da littafin ya taɓo, a faɗe shi yadda zai ja hankali. Ta biyu ta kawo abu ɗaya tak da wannan littafin ya yi wanda ba kowane littafi ne ya yi ba, nan ne za ka koma kan abin da ka rubuta lokacin karatu. Ta uku ta faɗi abin da ya yi maka kai, ko kuma wa ya kamata ya karanta. Bari in ba da misali, a ce labari ne na wata mata da mijinta ya rasu, tana cikin takaba 'yan'uwansa suka fara maganar sayar da gida.

Ga irin wanda aka saba gani: "Wannan littafi ne mai ɗauke da darussa masu tarin yawa, marubuciyar ta yi namijin ƙoƙari wajen zaƙulo matsalolin da suka addabi al'umma. Ina kira ga kowa da kowa ya nemi nasa." Ka duba da kyau, wannan maganar za ka iya cire ta ka manna a bayan kowane littafi a kasuwa ta zauna daram, na soyayya ne ko na yaƙi ko na girki. In tsokacinka zai hau kowane littafi to bai ce komai ba, kuma masu karatu sun gane, suna gani suke tsallakewa.

Ga kuma wanda aka karanta aka rubuta: "Wata huɗu da kwana goma a ɗaki ɗaya, ana cinikin gidan da take ciki tana jiyo muryoyinsu ta taga. Marubuciyar ba ta mai da kowa shaiɗan ba, har ƙanin mijin da ya kawo dillali sai da na fahimci abin da ya tura shi. Na daɗe ban karanta labarin gado da ya sa na tashi na duba takardun gidanmu ba sai wannan." Ka ga bambanci ai. Babu kalmar "ƙayatarwa" ko ɗaya a ciki, amma wanda ya karanta ya san me zai tarar, kuma ya san mai maganar ya shiga littafin da gaske. Sai dai fa in ba ka tashi ka duba takardun ba kada ka rubuta ka duba, ka nemi abin da ya faru da kai da gaske ka faɗa, ko da ƙarami ne.

Akwai ramukan da ake yawan faɗawa. Kada ka tona ƙarshen labari, duk abin da ya faru bayan kashi ɗaya cikin uku na littafin ka bar wa mai karatu. Kada ka ce "ba a taɓa rubuta irinsa ba a ƙasar Hausa", ba ka karanta duka ba, tun gasar rubutu ta 1933 ake buga ƙagaggun labarai da boko, ga abin da kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya ya fitar, ga dubban littattafan da suka fito daga Kano tun shekarun 1980. Kada ka ɗaga wannan ta hanyar taka wasu, irin "ba kamar shirmen da ake rubutawa yanzu ba", abokan sana'arka ne kake zagi a bangon littafin wani. Kada ka jingina wa littafi kyautar da bai ci ba, misali in marubuciyar ta taɓa yin nasara a gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, to gajeren labarinta ne ya ci ba wannan littafin ba, a rubuta shi yadda yake. Sannan ka yabi aikin, ba halin mai aikin ba. "Mutum ne mai ladabi da son zumunci" gaskiya ne wataƙila, amma ba shi ake saya ba.

In littafin yana da rauni amma ka ga ya cancanci fita, ba sai ka yi ƙarya ba kuma ba sai ka fallasa ba. Ka nemi abin da yake da ƙarfi da gaske ka tsaya a kansa. In hirarraki ne suka yi kyau ka yi maganar hirarraki, kada ka ce komai ya yi. Raunin kuma ka gaya wa marubucin tsakaninku.

Dabara ɗaya da za ta taimaki mai littafin sosai, ka tabbatar a cikin tsokacin akwai gajeriyar jimla guda da za ta iya tsayawa ita kaɗai, kalma goma ko ƙasa da haka, don ita za a ɗauka a sa a fosta ko a saman bangon gaba. In ba ka ba su ba su za su yanko da kansu, kuma ba lallai su yanko inda kake so ba.

Da ka gama ka karanta shi da ƙarfi kamar kana gaya wa wani, duk inda harshenka ya sarƙe ka gyara. Ka duba ƙa'idar rubutu da kyau, ƙ da ɗ da ɓ da 'y su fito, a raba abin da ake rabawa a haɗa abin da ake haɗawa, don abin kunya ne a ce layi huɗu kacal ka rubuta kuma a sami kuskure a ciki. Ka ja hankalin masu zanen bango kan cewa wasu nau'o'in haruffan kwamfuta ba sa ɗaukar masu lanƙwasa, sai ka ga ƙ ta koma akwati ko alamar tambaya a bango. Sai sunanka, ka rubuta shi da kanka yadda kake so ya fito, da abu ɗaya da zai nuna dalilin da ya sa za a saurare ka, marubucin littafi kaza, ko malami a sashen kaza. Ɗaya ya isa. Kada ka bari a ƙara maka Dakta ko Farfesa in ba kai ba ne, masu zane suna yi wai don bango ya yi nauyi. In kuma za ka sa sunan wurin aikinka ko wata ƙungiya kamar ANA, ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ka tabbatar ba a ɗauka da yawunsu kake magana ba.

Maganar kuɗi kuwa, ni a ganina tsokaci ba a sayar da shi. In an ɗauke ka aikin tace littafi ko gyaran rubutu wannan sana'a ce, ka yi cinikinka ka karɓi haƙƙinka. Amma a ce ga dubu kaza ka yabe ni, daga ranar maganarka ta tashi daga shaida ta koma talla. In bayan an gama mai littafi ya kawo maka kwafi da ɗan goro don jin daɗinsa ba laifi, muddin ba da shi aka yi sharaɗi ba. Haka nan masu ba ChatGPT sunan littafi su ce ya rubuto musu, abin da zai fito irin misalin farkon nan ne sak, mai hawa kowane littafi, kuma ka sa hannu a kan abin da ba kai ka gani ba.

Wajen turawa ka tura shi a rubuce, ba a saƙon murya ba, don kada wani ya kwafa ya sauya maka kalma. Ka haɗa da sharuɗɗanka a saƙo ɗaya: kada a ƙara ko a rage sai an tambaye ni, na wannan littafin ne kawai, in an sauya labarin sosai bayan na karanta a sanar da ni, kuma a turo min hoton bangon in gani kafin a kai bugu. Wannan na ƙarshen ka dage a kansa. Bangon baya na littafi mai girman A5 ƙaramin wuri ne, ga hoton marubuci, ga taƙaitaccen tarihinsa, ga lambar ISBN da ake karɓa daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, in wuri ya ƙure maganarka ce farkon abin da za a datse, kuma cire kalma ɗaya kamar "amma" ko "kusan" yana iya juya ma'anar gaba ɗaya.

In littafin ya fito ka duba kwafinka ka gwada da saƙon da ka tura. In ka ga an sauya, ka kira mai littafin tsakaninku ka nemi a gyara a bugu na gaba da kuma fostocin da ke yawo, ba sai an kai Facebook ba. In kuma komai ya fito daidai to ka taya shi yaɗawa, ka ɗora a shafinka, ka je ƙaddamarwa in an gayyace ka, in an yi zaman karatu na marubuta ka ambace shi. Saƙon da ka tura da ainihin rubutunka kuma kada ka goge, ka adana shi a imel ko wani wuri da ba zai ɓata ba in waya ta lalace.